Karya mai jego ma tana da hakki

A Ngelbeli, cikin gundumar Maine-Sorowa ta jahar Difa, dukiyar mutane da ƙafa huɗu take tafiya: shanu, tumaki, awaki da raƙuma. Ƙasar kiwo ce, ta tudun rairayi da kwaruruka, arewa da kwarin Komadugu. Idan dare ya yi, garke ya kwanta, makiyayi ma sai ya kwanta, don ya wuni yana ɗiban ruwa a bakin rijiya. Mai tsaron da ba ya barci shi ne kare. Shi ke jin motsin dila tun daga nesa. Shi ke haushi idan ɓarawo ya doso ruga. A bakin Komadugu ma, daga Difa har Boso, mai lambun tattasai yana son kare kusa da shanyarsa.

Kowa yana son kare mai tsaro. Amma kare ba daga sama yake faɗowa ba. Karya ce ke haihuwarsa, ita ke shayar da shi. Abin mamaki, ita karyar aka fi wulakantawa, kuma a daidai lokacin da ta fi bukatar taimako. Ranar da ta haihu, sai a ji ana cewa ta cika gida da ƙazanta. Wani ya kore ta da sanda. Wani ya kwashe ƴaƴan ya zubar a daji da ransu. Yara kuwa su mai da kwiyakwiyan abin wasa, su ɗauki wannan su yar, su ja wancan da igiya.

Wannan ba daidai ba ne. Wanda ya ajiye karya don ta tsare masa dukiya, har ta haihu a gidansa, akwai nauyi a kansa na mako 8. Nauyin ba shi da yawa, kuma ɗan makaranta ma yana iya ɗaukar rabinsa.

Wani zai ce: "Ai kare najasa ne, ina ruwan Musulmi da shi?" Wannan magana ta daɗe a bakin mutane, ya kamata a dube ta da kyau. Mutanen Nijar mazhabar Imamu Malik suke bi. A wannan mazhaba, duk abu mai rai tsarkakakke ne, har da guminsa da yawunsa, kuma haka yake a cikin Muhtasar na Shehu Halil da ake karantawa a zaurukan malamai. Gaskiya ne an yi umurni a wanke ƙwarya sau 7 idan kare ya sa baki a ciki. Gaskiya ne kuma an hana ajiye kare haka kawai, ba gaira ba dalili. Amma an yarda da karen kiwo, da karen gona, da karen farauta. Karen Ngelbeli kuwa na kiwo ne. A cikin hadisan Buhari da Muslim akwai labarin mutumin da ya ga kare yana lasar danshin ƙasa saboda ƙishirwa. Ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa a takalminsa ya ba shi, Allah ya gafarta masa saboda haka. Duk wanda ya tashi a ƙasar rijiyoyi masu zurfi ya san abin da wannan labari yake nufi. To, idan shayar da karen hanya yana jawo gafara, ina ga karyar gida mai ƴaƴa 6 a ƙirjinta? Tsabta dole ce: a ware mata ƙwaryarta, kada ta hau tabarmar salla, a wanke hannu bayan an taɓa ta. Amma tsabta daban, mugunta daban.

Kafin haihuwa da ranar haihuwa

Cikin karya kamar kwana 63 ne, watau mako 9. A makonnin ƙarshe cikin yana fitowa sosai, nonuwanta su kumbura. Idan haihuwa ta matso, sai ta ƙi abinci, ta kasa zama wuri ɗaya, ta riƙa tonon ƙasa. Ɗaki take nema. Idan ba a ba ta wuri ba, za ta zaɓa da kanta: ƙarƙashin rumbu, ko gindin ƙaya, ko wani rami can cikin daji inda dila da maciji ke yawo. Gara mai gida ya riga ta. Mako ɗaya kafin lokacin, a kewaye mata ɗan lungu da zana a bayan bukka, nesa da hanyar mutane da ta dabbobi. A shimfiɗa tsohon buhu ko busasshiyar ciyawa, amma a tabbata babu ƙarangiya a ciki, don ƙarangiya tana shiga tafin kwikwiyo da idonsa.

Wurin ya danganta ga lokacin shekara. Jaririn kwikwiyo ba ya iya ɗumama jikinsa da kansa sai bayan mako 2 ko 3. Da hunturu, cikin watan Disamba da Janairu, sanyin asuba a ƙasar Manga yana iya kashe shi a dare ɗaya idan ya gangara nesa da uwarsa. Saboda haka a tare gefen da iska ke fitowa, watau gabas da arewa. Da bazara kuwa, cikin Afrilu da Mayu, zafi yakan wuce awo 40, rairayi ya zama kamar garwashi. A lokacin inuwa ce magani. Da damina a nemi tudu, inda ruwa ba ya kwanciya.

Ranar haihuwa, babban taimako shi ne a ƙyale ta. Karya ta san aikinta ba tare da ungozoma ba. Kowane ɗa yana fitowa cikin ƴar jaka mai ruwa. Uwar ta yage jakar da haƙori, ta ciji cibiya, ta lashe ɗan har ya yi numfashi ya yi kuka. Takan cinye mabiyiya, wannan ba wani abin tsoro ba ne. Tsakanin ɗa da ɗa takan huta, wani lokaci minti 20, wani lokaci har awa 2. Babban mutum guda, wanda ta saba da shi, shi zai riƙa leƙawa daga nesa. Taron yara ba shi da amfani a nan. Idan aka dame ta, takan tsai da naƙuda, ko ta kwashe ƴaƴan a baki ta kai su inda ba a sani ba. Amma idan ta yi kusan awa guda tana nishi da ƙarfi ba abin da ya fito, ko aka ga jini mai yawa, to, abin ya fi ƙarfin gida. Sai a nemi ma'aikacin sarusin kiwo.

Ana haihuwar kwikwiyo makaho, kurma. Idonsa ba ya buɗewa sai tsakanin kwana 10 da 14, kunnensa ma kusan haka. Da hanci yake laluben nono. Nonon farko, watau dakashi, shi ne garkuwarsa daga cututtuka, kuma cikin yini na farko kaɗai hanjinsa ke iya karɓar wannan garkuwa. Ɗan makiyayi ya san haka game da ɗan maraƙi da ɗan akuya. To, kwikwiyo ma haka ne. Idan akwai wani ƙarami da ƴan'uwansa ke turewa, sai babba ya kama shi a hankali ya sa masa nono a baki. Har wa yau, kwikwiyo ba ya iya fitsari ko kashi da kansa a makonnin farko, sai uwar ta lashe masa ciki. Ke nan wanda ya raba shi da uwarsa yana ɗan kwana 5, don ya ga yana da kyau, ya kashe shi ne bai sani ba.

Ruwa da abinci

A nan gardama ta fi zafi. Wani magidanci zai ce: "Mu kanmu ba mu ƙoshi ba, sai kare?" Ba a raina wannan magana. Jahar Difa ta ga fari, ta ga mutuwar dabbobi, kuma tun shekarar 2015, da aka kai hari Boso da Difa, dubban mutanen bakin Komadugu suka bar garuruwansu suka koma bakin babbar hanya. Wanda ya gudu da ransa ba ya tsayawa neman kare. Ba wanda zai ce a hana yaro tuwo a ba karya.

Amma a yi lissafi. Me karya take ci? Ƙanzon tukunya, ragowar tuwo, dusar gero da aka dama da ruwan zafi, ɗan tsala da ya rage a ƙwarya bayan an fid da mai. Abin da ake zubarwa ne yawanci. Me take tsarewa? Ɗan akuya guda da dila ya ɗauke ya fi kuɗin dusar da za ta ci a wata 2. Makiyayin da ke ƙyashin ba karyarsa tsala, da safe kuma ya ga ɗan tunkiyarsa ya ɓace, ba tattali ya yi ba.

Karya mai shayarwa tana bukatar abinci ninki 2 ko 3 na abin da ta saba ci, musamman a mako na 3 da na 4, lokacin da ƴaƴan suka fi tsotso. Ba a jibga mata shi gaba ɗaya. A raba sau 3 ko 4 a yini. Idan an sami ƙwai, ko ɗan dafaffen kifi da aka cire wa ƙaya, ko romon nama, madalla. Miya mai albasa da yawa ba ta dace ba, don albasa da tafarnuwa suna ɓata jinin kare. Barkono ma a bar wa masu shi. Ƙashin kaza da aka dafa yana tsagewa kamar allura, ya soke maƙogwaro ko hanji.

Ruwa kuwa ya fi abinci. Nono yawancinsa ruwa ne, karyar da ba ta sha ba ba za ta shayar ba. A ajiye mata tsohon kwano ko fasasshen tulu kusa da ɗakinta, a cika shi safe da yamma. Wannan aikin yaro ne: kafin ya tafi makaranta ya zuba, idan ya dawo ya duba. Idan ba ta sami ruwa a gida ba, za ta bar ƴaƴan ta tafi bakin rijiya, ta sa baki a komin shanu, a jefe ta. Kafin ta dawo, shirwa ko hankaka sun yi ɓarna. Daga baya a ce karya ce marar kula.

Akwai ciwo 2 da ke kama mai jego, ya kamata a san su. Na farko ciwon nono: nono ɗaya ya yi zafi, ya yi tauri, ya yi ja, ta riƙa hana ƴaƴan tsotso. Ana gasa shi da tsumma mai ruwan ɗumi, amma idan ta daina cin abinci sai magani. Na biyu, ƴaƴa sun tsotse sinadarin ƙashi da ke jikinta, sai ta kama haki da makyarkyata, ƙafafunta su sandare. Wanda bai sani ba zai ce hauka ce, ya ɗauko sanda. Allurar likitan dabbobi tana tashe ta idan an yi hanzari.

Idan uwa ta mutu ta bar jarirai, rainonsu yana da wuya. Nonon karya ya fi na saniya mai da kauri nesa ba kusa ba, kuma madarar shanu takan sa su zawo. Madarar akuya da aka tafasa ta huce, aka kaɗa gwaiduwar ƙwai a ciki, ta fi dama. Ana ba su kaɗan kaɗan, duk bayan awa 2 ko 3, har da dare, suna kwance a kan cikinsu. Sannan a shafa musu ciki da jiƙaƙƙen tsumma a madadin harshen uwa.

Abin da ke ƙetarowa zuwa ga mutum

Kula da karya ba don karya kaɗai ba ne. Gida ɗaya ake, ƙasa ɗaya yara ke wasa a kai.

Kusan kowane kwikwiyo da tsutsar ciki ake haihuwarsa, don tana ratsawa daga uwa tun yana ciki, ta kuma bi ta nono. Alamarta ƙaton ciki da ramammen jiki. Ƙwayayen tsutsar suna fita cikin kashi, su zauna cikin ƙasa wata da watanni. Ƙaramin yaro mai rarrafe ya sa hannu a ƙasa ya kai baki, shi ke nan ta shige shi, wani lokaci har ta taɓa ido. Maganin abin: a kwashe kashin kullum a binne, a ba uwa da ƴaƴa maganin tsutsa tun suna mako 2, a maimaita duk bayan mako 2 har a yaye su. Amma ma'aikacin kiwo ne zai faɗi irin maganin da yawansa. Makiyaya sun saba sayen allurar shanu a kasuwa su yi da kansu. Abin da ke warkar da bijimi yana iya kashe kwikwiyo nan take. Haka kuma maganin feshin tattasai ba maganin kaska ba ne. Kaska da hannu ake cire ta, a jefa a wuta. Ƙuma kuwa, a riƙa sake shimfiɗa, a ƙone tsohuwar. Akwai kuma wani ƙuda da ke yin ƙwai a ƙasar da fitsari ya jiƙa. Tsutsarsa ta shiga fatar kwikwiyo ta yi ƙurji mai ɗan rami a tsaka. A toshe ramin da man shafawa, sai ta leƙo, a matse ta.

Ranar yanka, idan aka ga huhu ko hantar tunkiya ko ta raƙumi da ƙulli mai ruwa a ciki, mutane sukan yanke wurin su jefa wa kare. Kuskure ne babba. Cikin ƙullin nan akwai ƴaƴan wata tsutsa. Kare ya ci, ta girma a hanjinsa, ƙwayayenta su fito su bi ciyawa da ruwa, su koma cikin tumaki, su shiga mutum ma. A jikin mutum ƙullin yana girma a hanta shekara da shekaru, sai an yi masa aiki a asibiti. Irin wannan nama a binne shi da zurfi ko a ƙone. Sauran kayan ciki a dafa kafin a ba karya.

Masunta na Komadugu da na tabkin Cadi suna da nasu darasin. A shekarar 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijar ta rabu da ciwon kurkunu. Amma a maƙwabciya Cadi, tun 2012 aka fara ganin kurkunu a jikin karnuka a garuruwan bakin kogin Shari, har a 2016 aka ƙirga karnuka sama da 1000 masu shi. Masana sun danganta abin da ruwan da suke sha da kuma ɗanyen kayan cikin kifi da ake zubar musu. Ciwon da kakanni suka sha wuyarsa bai kamata ya dawo ta ƙofar kare ba. Kayan cikin kifi a binne, ko a dafa.

Haukan kare

Wannan shi ne babba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum kamar dubu 59 kowace shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya. Cikin kowane 10, kamar 4 yara ne da ba su kai shekara 15 ba. Dalili a fili yake: yara ne ke wasa da kwiyakwiyai, su ne kuma ke ɓoye cizo don tsoron faɗan iyaye. Ƙwayar cutar tana cikin yawun dabba. Ta shiga ta rauni, ta bi jijiya a hankali har ƙwaƙwalwa. Yawanci takan yi wata 2 ko 3 kafin ta bayyana, wani lokaci mako guda, wani lokaci shekara. Raunin ya warke, kowa ya manta. Amma ranar da alama ta fito, mutum ya kama tsoron ruwa, magani ya ƙare.

Kafin wannan rana kuwa akwai magani, kuma ya daɗe. Ranar 6 ga Yuli 1885, a birnin Paris na Faransa, aka kawo wa Luwi Pastor wani yaro ɗan shekara 9, Jozef Maista, wanda mahaukacin kare ya yi wa cizo da yawa. Aka yi masa allurar da Pastor ya haɗa. Yaron ya rayu har ya tsufa. Shi ya sa ranar 28 ga Satumba, ranar da Pastor ya rasu, ta zama ranar yaƙi da haukan kare a duniya.

Karya mai jego tana iya cizo ba don hauka ba, sai don kishin ƴaƴanta. Ko akuya ma tana tunkuyi idan an taɓa ɗanta. Saboda haka yaro kada ya sa hannu a ɗakinta, kada ya ɗauki kwikwiyo a gabanta a makonnin farko, kada ya matsa mata tana cin abinci. Idan tsautsayi ya faru, ko cizo ne, ko yagushi, ko da na ɗan kwikwiyo ne, abin yi ɗaya ne. Yaro ya je ya ce: "Inna, kare ya cije ni." Inna kuma kada ta fara da faɗa. A wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, ruwan yana zuba. Minti 15 da yawa ne, hannu yana gajiya, amma wankin nan yana fid da yawancin ƙwayar cutar. Kada a sa toka, ko barkono, ko gashin karen. Daga nan a tafi gidan likita a ranar, a faɗi gaskiyar abin da ya faru. Karen kuma kada a kashe shi cikin fushi. A ɗaure shi, a ba shi ruwa da abinci, a lura da shi kwana 10 a ƙalla. Idan halinsa ya sake, yana dalalar da yawu, muryarsa ta dushe, yana cizon itace da dutse, ko muƙamuƙinsa ya saki, a sanar da sarusin kiwo da gidan likita maza.

Wasu suna ganin maganin haukan kare shi ne a karkashe karnuka. An gwada a ƙasashe da yawa, bai yi ba. Ana kashewa, wasu na haihuwa, wasu na shigowa daga wani gari. Abin da ya yi aiki riga-kafi ne. Idan an yi wa kare 7 cikin 10 allura, cutar ba ta samun hanyar wucewa. A Njamena, babban birnin Cadi, an yi haka: a 2012 aka yi wa karnuka sama da dubu 18 allura kyauta, a 2013 sama da dubu 22. Bayan haka birnin ya yi watanni ba a sami mahaukacin kare ba, sai da cutar ta sāke shigowa daga waje. To, ga inda maganar ta haɗu da karya mai jego. Allura sai karen da yake da mai shi, wanda ya saba da hannun mutum, ana kiransa ya zo. Kwikwiyon da aka zubar a bayan gari, idan ya rayu, shi ne gobe karen da ba mai iya kamawa. Shi ke cuɗanya da dila, shi ke yawo a bakin rijiya da kasuwa. Wanda ya zubar da kwiyakwiyai yana zaton ya huta, alhali ya shuka wa garinsu masifa.

Yaye da rabo

A mako na 3 haƙora suke fitowa, ƴaƴan su fara tafiya da tangaɗi. Daga nan a fara sa musu kunu mai ruwa ruwa a faffaɗan kwano. Uwar da kanta za ta riƙa guje musu kaɗan kaɗan. Kafin mako na 7 ko na 8 sun yaye. A tsakanin nan ne ya kamata yara su riƙa zama kusa da su, a gaban babba, su shafa su a hankali, su kira su da suna, sannan su wanke hannu. Kwikwiyon da ya saba da mutum tsakanin mako 3 da 12 ba ya zama mafaɗaci. Wanda ya tashi da jifa kuwa, da cizo yake ramawa.

Kada a ba da kwikwiyo kafin mako 8. Kuma tun uwar tana da ciki ya kamata mai gida ya fara tambayar ƴan'uwa da maƙwabta wa ke so. Ranar kasuwa ana haɗuwa da makiyaya daga rugage da yawa, ba a rasa mai neman karen kiwo. A ba wanda aka san zai ciyar da shi, ba yaron da ya gani ya yi sha'awa ba tare da sanin babansa ba.

Wanda yake son karen garke na ƙwarai, ya sa kwikwiyon cikin ƴan awaki da ƴan tumaki tun daga yaye, ya kwana da su, ya tashi da warinsu. Sai ya ɗauke su danginsa, ya bi su kiwo, ya tsaya musu. A ƙasar Namibiya, tun 1994 ake raba wa makiyaya irin waɗannan kwiyakwiyai don su tsare garke daga rabbi da damisa, kuma ɓarna ta ragu ƙwarai a garkunan da suka samu. Karen bana shi ke maganin zomon bana, in ji masu magana. A Ngelbeli dai dilan bana ne.

Yanke kunnen kwikwiyo, da ake yi a wurare da yawa wai don ya yi zafin rai ko ya ji da kyau, ba ya ƙara masa komai. Rauni ne kawai da ƙuda zai bi.

Idan kwikwiyo ya kai wata 3, a kai shi a yi masa allurar haukan kare, a karɓi takarda a adana, a kuma tambayi ranar da za a sāke. Idan masu riga-kafi suka zo gari kafin haka, a fito da duka, babba da ƙarami, har da uwar.

Saura maganar haihuwa ta gaba. Gidan da ba ya iya ɗaukar kwiyakwiyai kowace shekara yana da mafita tun kafin ciki ya shiga. Karya tana neman namiji sau 1 ko 2 a shekara, kuma abin yana ɗaukar kamar mako 3. Ana gane shi da kumburi da ɗigon jini, da karnukan da ke taruwa a ƙofar gida. A waɗannan kwanaki a tsare ta cikin shinge mai ƙarfi, da inuwa da ruwa, dare da rana. Inda akwai likitan dabbobi mai kayan aiki, yana iya yi mata aikin da zai tsai da haihuwar gaba ɗaya, kuma za ta ci gaba da tsaron garke kamar da.